Me ya sa haɗa sabon maganin kashe bakteriya ya zama jan aiki?

A shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani sun yi ajalin mutum miliyan 1.27 kai tsaye a faɗin duniya, kuma suna da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Ƙiyasin babban binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ke nan. Idan aka auna da yawan jama'a kuwa, babu yankin da abin ya fi yi wa ɓarna kamar Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane 100,000. Duk wanda ya ji haka, tambayar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce: to me ya hana a haɗa sabon magani? Duniyar da ta samar da rigakafin korona cikin shekara guda, yaya za a ce ta shafe fiye da shekara 50 ba ta kai sabon jinsin maganin da ke kashe irin su Acinetobacter, bakteriya mai taurin kai da ke addabar majinyata, gadon asibiti ba?

Kashe bakteriya abu ne mai sauƙi, ruwan wanke banɗaki ma yana gamawa da ita cikin mintoci. Wuyar aikin ita ce a samu sinadarin da za a ɗura wa mara lafiya ta jijiya, ya zagaya cikin jini bai lalace ba, ya isa huhu ko ƙoda ko mafitsara da ƙarfinsa, ya ratsa jikin ƙwayar cutar, ya zauna a ciki har ya kashe ta, alhali bai taɓa ƙodar mutumin ko hantarsa ko bugun zuciyarsa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya binne dubban sinadarai da aka ɗora wa buri.

Yawancin jinsunan antibayotik da muke sha yau daga ƙasa aka tono su. Bayan fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a jikin wata fumfuna a 1928, sai Selman Waksman da ɗalibinsa Albert Schatz suka fitar da sitireptomaisin daga wata ƙwayar halittar cikin ƙasa a 1943. Hanyar ba ta da wani sirri: a ɗebo ƙasa, a raini halittun da ke cikinta a faranti, a duba wacce ce ta hana bakteriyar da ke kusa da ita tsirowa. Kamfanoni suka yi rububin wannan hanya har shekarun 1960, sannan rijiyar ta fara ƙafewa. Dalili kuwa lissafi ne. Kusan ɗaya cikin kowace ɗari ta waɗannan halittu na ƙasa tana samar da sitireptomaisin, amma irin daptomaisin sai an tace kimanin miliyan 10 kafin a ci karo da guda. Duk inda aka haƙa, tsohon magani ake sake tonowa.

Da aka fara karanta ilahirin ƙwayoyin gadon bakteriya a 1995, an zaci magana ta ƙare. Dabarar ita ce a zaɓi wani furotin da bakteriya ba ta rayuwa sai da shi, wanda kuma babu irinsa a jikin mutum, a ware shi a kwalba, a yi ta gwada sinadarai a kansa har a dace da wanda ya toshe shi. Kamfanin GlaxoSmithKline ya yi irin wannan tantancewa sau 70 daga 1995 zuwa 2001, kowane karo da sinadarai sama da dubu 250. Biyar kacal suka haifar da abin da ya cancanci a ci gaba da aiki a kansa. Masanan kamfanin da kansu suka wallafa wannan sakamako a 2007. Babbar matsalar: sinadari yakan toshe furotin a cikin kwalba tsaf, amma da an kai shi gaban bakteriya mai rai sai ya kasa shiga.

A nan ne ainihin ƙullin yake. Bakteriya kashi biyu ce idan aka duba abin da ya lulluɓe ta. Akwai mai tantani ɗaya, irin Staphylococcus mai kawo maruru da ruɓewar rauni. Akwai kuma mai tantani biyu, wadda a ɗakin gwaji ake ce wa Gram-negetif: E. coli, Klebsiella, Pseudomonas, Acinetobacter. Su ne suka mamaye sahun gaba a jerin ƙwayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sun fi buƙatar sabon magani, a jerin 2017 da wanda aka sabunta a 2024. Tantanin waje tamkar ganuwa ce mai ƙananan ƙofofi. An gina shi da wani sinadari mai suna LPS wanda ke korar duk abu mai maiƙo, kuma ƙofofinsa ba sa barin komai ya wuce sai ƙaramin abu mai narkewa a ruwa, wanda nauyinsa bai haura kimanin dalton 600 ba (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari). Bankomaisin, mai nauyin kusan 1,450, ko kusa ba ya wucewa, shi ya sa ba ya taɓuka komai a kan E. coli. To amma tantanin ciki maiƙo ne zalla, abu mai son maiƙo yake bari ya ratsa. Wato halin da zai shigar da magani ƙofar farko shi ne zai hana shi wuce ta biyu. Tsakanin tantanin biyu kuma ga famfunan da ke zuƙo duk baƙon sinadari su tofar da shi waje, ga inzayim, wato furotin masu sarrafa sinadarai, masu datse dangin fenisilin tun kafin su kai ga inda aka aike su. Rumbunan sinadaran manyan kamfanoni kuwa domin neman maganin hawan jini da ciwon suga da makamantansu aka tara su, galibinsu masu maiƙo ne, daidai irin abin da ganuwar ke kora.

Sai a 2017 tawagar Paul Hergenrother a Jami'ar Illinois ta auna sinadarai sama da 180 don ganin nawa ne daga cikin kowanne ke taruwa a cikin E. coli. Waɗanda suka taru suna da kamanni uku: suna ɗauke da rukunin amin mai cajin lantarki a fili, ba sa lanƙwashewa sosai, kuma siffarsu shimfiɗaɗɗiya ce, ba dunƙulalliya ba. Da wannan ƙa'ida suka ɗauki wani sinadari da a da yake kashe masu tantani ɗaya kawai, suka liƙa masa amin, ya koma yana kashe masu tantani biyu. Irin wannan bincike ba ya jan hankalin jaridu, amma a ganina ya fi yawancin labaran da ake yayatawa amfani, domin ya gaya wa mai haɗa sinadari abin da zai yi da hannunsa.

Wasu kuma dabara suka yi wa ƙofar. Bakteriya ba ta rayuwa babu sinadarin ƙarfe, kuma tana da hanyoyi na musamman da take jawo shi ciki. Kamfanin Shionogi na Japan ya haɗa sefiderokol da wani ɓangare mai kama ƙarfe, sai ƙwayar cutar ta ja maganin ciki da kanta. Amurka ta ba shi izini a 2019. Zosurabalpin na kamfanin Roche, wanda aka bayyana yadda yake aiki a mujallar Nature a Janairun 2024 tare da masanan Jami'ar Harvard, ginin ganuwar ya kai wa hari. Bakteriya tana ƙera LPS ne a ciki, sannan ta tura shi waje ta wata gada mai furotin bakwai. Maganin yana maƙale LPS a bakin gadar, ba gaba ba baya, har ya taru ya zame wa ƙwayar guba. An same shi ne bayan tace sinadarai kusan 45,000 a kan bakteriya mai rai, ba furotin a kwalba ba, sannan aka shafe shekaru ana gyara shi, domin samfurin farko yana dunƙulewa da kitsen cikin jini ya cutar da dabbobin gwaji. Acinetobacter kaɗai yake kashewa. Wannan alheri ne ta wata fuska, tunda ba zai share bakteriya masu amfani na cikin hanji ba. Ta wata fuskar kuma, likitan da bai san sunan ƙwayar da ke jikin majinyacinsa ba, maganin ba shi da amfani a hannunsa.

A ce an samu sinadarin da ke shiga. Matakin farko shi ne auna mafi ƙarancin adadinsa da ke hana bakteriya tsirowa, abin da masana ke taƙaitawa da MIC. Ana amfani da faranti mai ramuka 96 da romon raino na Mueller-Hinton. Kowane rami yana samun rabin maganin da ke ramin da ya gabace shi, a zuba bakteriya kimanin 500,000 a kowace mililita, a ajiye a zafin digiri 35 na awa 16 zuwa 20. Ramin ƙarshe da ya kasance garau, wato mai mafi ƙarancin magani a cikinsu, nan ne adadin. Abin da ake fata shi ne mikirogiram 1 zuwa 4 a mililita ko ƙasa da haka, kuma ba a kan ƙwayar ɗakin gwaji ɗaya mai ladabi ba, a kan ɗari ko fiye da aka ɗebo daga majinyata na ƙasashe daban-daban. Sai a maimaita da ruwan jinin mutum a ciki. Idan furotin na jini ya kama kashi 99 cikin 100 na maganin, kashi ɗaya ne ya rage ya yi yaƙin. Sai a zuba shi kan jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin hanta. Da yawa daga sinadaran da ke burge mutum a farantin farko a nan asirinsu ke tonuwa: ashe fasa kowane irin tantani suke yi, na bakteriya da na mutum duka.

Wannan ya shafi jami'o'inmu kai tsaye. Kowace shekara ɗalibai da yawa suna jiƙa ganyen darbejiya ko zogale ko 'ya'yan bagaruwa, su ɗiga a faranti, su auna da'irar da bakteriya ba ta tsiro ba, su rubuta cewa tsiron yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ƙarya suka yi ba, amma galibi a miligiram ake ganin tasirin, wato ninki dubu na abin da ake buƙata. Bagaruwa cike take da tanin mai ɗaure kowane irin furotin, dalilin da ya sa majema ke jima da ita ke nan, kuma abin da ya ɗaure furotin ɗin fata zai ɗaure na bakteriya a faranti ba tare da ya zama abin ɗurawa a jijiya ba. Aikin gaske yana farawa ne daga inda waɗannan kundaye ke tsayawa: a rarraba ruwan jiƙon kashi-kashi, a bi kashin da ke da ƙarfi har a ware sinadari guda, a gano tsarinsa, a tabbatar ba sananne ba ne, a auna gubarsa. Da za a haɗa kuɗin irin waɗannan ayyuka hamsin a yi guda ɗaya har ƙarshe, da an fi cin riba.

Gwaji na gaba shi ne wanda ya fi karya gwiwa: yaya saurin bakteriya wajen bijirewa? Ana shimfiɗa ƙwayoyi kimanin biliyan ɗaya a faranti mai ɗauke da ninki huɗu na MIC, a ƙirga waɗanda suka tsira. Idan sun haura ɗaya cikin miliyan 100, akwai matsala, domin huhun da ya kamu yana iya ɗaukar biliyoyi, ma'ana mai taurin kan tana nan tun kafin allurar farko. Wani maganin GlaxoSmithKline mai lamba GSK2251052 ya kai har gwaji a kan majinyata masu cutar mafitsara mai tsanani, sai aka ga bakteriyar wasunsu ta bijire cikin 'yan kwanaki, dole aka dakatar. Furotin ɗaya tak yake toshewa, sauyi ɗaya a ƙwayar gado ya isa ya kuɓutar da ita. Shi ya sa ake fifita maganin da ke bugun wuri biyu. Gepotidasin, wanda Amurka ta amince da shi a Maris 2025 domin cutar mafitsara, inzayim biyu masu warware DNA yake toshewa lokaci guda. Teixobactin kuma, wanda Kim Lewis da abokan aikinsa suka bayyana a 2015 bayan sun raini bakteriyar da ba ta yarda ta tsiro a faranti ba ta hanyar mayar da ita cikin ƙasarta a wata 'yar na'ura mai ramuka, tubalin ginin bangon ƙwayar yake kamawa, ba furotin ba, don haka sauya shi ke da wuya. Sai dai masu tantani ɗaya kawai yake kashewa, kuma har yanzu bai zama maganin asibiti ba.

Daga nan sai ɓera. Ana ba shi maganin da ke karya garkuwar jikinsa, a yi masa allurar bakteriya kimanin miliyan ɗaya a cinya, bayan awa biyu a fara magani, bayan awa 24 a ƙirga abin da ya rage. Da wannan ake gane yadda za a tsara shan maganin. Dangin fenisilin lokaci suke so: meropenem yana buƙatar ya kasance sama da MIC a jini na kimanin kashi 40 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin allura da allura, shi ya sa a wasu lokuta ake ɗura shi a hankali cikin ƙarin ruwa na awa uku. Jentamaisin kuwa ƙarfin bugu yake so, ninki 8 zuwa 10 na MIC, don haka ake ba da shi da yawa sau ɗaya a rana. Daptomaisin ya nuna muhimmancin wannan lissafi. Kamfanin Eli Lilly ya yi watsi da shi a farkon shekarun 1990 saboda yana lalata tsoka idan an ba da shi sau biyu a rana. Wani ƙaramin kamfani, Cubist, ya gano cewa sau ɗaya a rana ya fi sauƙi ga tsoka, ya samu izini a 2003. Amma da aka gwada shi a kan ciwon huhu sai ya gaza, domin ruwan santsin da ke shafe cikin huhu yana kama shi ya kashe masa ƙarfi.

Ga kuma yawan abin da ake ɗurawa. Mai hawan jini miligiram 5 na amlodipin ya ishe shi a rana, mai cutar jini kuwa giram 3 na meropenem ake ba shi, wani lokaci 6. Ƙoda ce ke tace mafi yawan wannan kaya. Murepavadin, sabon jinsi da aka tsara domin Pseudomonas, ya kai matakin gwaji na uku kafin a tsayar da shi a 2019 saboda yawan majinyatan da ƙodarsu ta samu rauni.

Gwaji a kan majinyata ma yana da nasa ƙullin. Ba ya halatta a bai wa mai cutar da ke kisa maganin bogi domin kwatance, don haka da tsohon magani mai aiki ake gwada sabo, a nuna bai gaza shi ba da fiye da kimanin kashi 10 cikin 100. Sakamakon da ke fitowa shi ne "daidai yake da tsohon", to wane asibiti ne zai biya ninki ɗari a kan haka? Idan kuma aka ce a gwada a kan masu ƙwayar da ta bijire, kafin sakamakon ɗakin gwaji ya fito bayan kwana biyu ko uku, an riga an ba majinyacin wani magani ko ya rasu. Kamfanin Achaogen ya tantance majinyata sama da 2,000 domin irin wannan gwaji na sabon maganinsa plazomisin, 39 kawai aka samu suka shiga kwatancen.

Achaogen ɗin ya samu izini a Yunin 2018. Cinikin da ya yi a wannan shekara bai kai dala miliyan ɗaya ba, a Afrilun 2019 ya durƙushe. Kamfanin Melinta ya bi sahu a Disambar shekarar. Ba laifin maganin ba ne. Likita nagari ɓoye sabon antibayotik yake yi sai tura ta kai bango, kuma daidai ya yi. Ana shan sa kwana bakwai ko goma a daina, ba kamar maganin suga da ake sha har ƙarshen rai ba. Aikin da ke cin shekara 10 zuwa 15 da kuɗin da ake ƙiyastawa sun haura dala biliyan ɗaya ba zai mayar da uwar kuɗi a haka ba, shi ya sa yawancin manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Ƙungiyoyin CARB-X da GARDP, waɗanda aka kafa a 2016, suna tallafa wa bincike. Birtaniya kuma tun 2022 ta fara biyan kamfani tsayayyen kuɗi a shekara, har fam miliyan 10 a zagayen farko, ko an sha maganin da yawa ko kaɗan. Wannan ita ce dabarar da ta dace da matsalar, amma ƙasa ɗaya ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, kuma makamanciyar dokar a Amurka ta daɗe a gaban majalisa ba ta wuce ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙirga antibayotik 32 da ake gwadawa a kan ƙwayoyin da ke cikin jerinta, 12 ne kawai za a iya kira sababbi na haƙiƙa.

Ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta fa? A 2020 masanan jami'ar MIT ta Amurka sun horar da kwamfuta da sinadarai kimanin 2,300, ta zaƙulo musu halisin daga cikin magungunan da aka taɓa gwadawa domin wasu cututtuka. Ci gaba ne na gaske, amma matakin da ta gaggauta shi ne mafi arha a duk tafiyar. Ƙodar majinyaci da gwajin asibiti da kasuwa suna nan yadda suke.

A ɓangarenmu, binciken BARNARDS kan cutar jini a jarirai, wanda ya haɗa da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da wasu asibitoci a Abuja, ya nuna Klebsiella ce kan gaba, kuma da yawa daga ƙwayoyin da aka samu ba sa jin amfisilin da jentamaisin, haɗin da aka saba farawa da shi. Shi ya sa GARDP ke gwada sababbin haɗe-haɗe na tsofaffin magunguna uku, fosfomaisin da flomoksef da amikasin, a gwajin NeoSep1 da aka fara a Afirka ta Kudu da Kenya. Amma wani bincike a ƙasashen Afirka 14, har da Najeriya, ya gano kashi 1.3 cikin 100 ne kawai na ɗakunan gwaji kimanin 50,000 ke rainon bakteriya. Ga kemis yana sayar da kafso huɗu na Ampiclox ga mai mura, ga masu kiwon kaji suna zuba antibayotik a ruwan sha don rigakafi. Kolistin, wanda likitoci ke ajiyewa sai an rasa komai, a gonakin aladu na Sin aka fara gano ƙwayar gadon da ke yaɗa bijire masa a 2015.

Rashin ɗakin gwaji yana da wata illa da ba a cika ambata ba. Haɗin seftazidim da abibaktam, wanda ya fito a 2015, yana maganin Klebsiella mai inzayim KPC, ɗaya daga cikin inzayim masu datse magani, wanda ya fi yawa a Amurka da kudancin Turai. Ba ya taɓa mai inzayim NDM, wanda shi aka fi cin karo da shi a Kudancin Asiya da asibitocin Afirka da dama. Ga mai NDM, haɗin aztireyonam da abibaktam ko sefiderokol ake nema, kuma GARDP ta karɓi lasisin sefiderokol a 2022 domin samar da shi a ƙasashe 135. Asibitin da ya sayi na farko da tsadarsa ba tare da ya san inzayim ɗin da ke yawo a ɗakin jariransa ba, ya zubar da kuɗi kuma bai ceci jaririn ba. Abin da ake buƙata don bambance su bai fi ƙarfinmu ba: a ɗebi jini a kwalbar raino kafin allurar farko, a gwada ƙwayar da fayafayan magani, idan ta bijire wa meropenem a ɗiga ta a kan tsinken gwaji da ke nuna KPC ce ko NDM ko wani inzayim mai suna OXA-48 cikin kimanin minti 15, sannan a adana ta a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, domin ta shiga cikin ƙwayoyin da masu haɗa magani na gaba za su gwada sinadarinsu a kai.